Tambayoyi da Amsoshi kan Gina Mahaɗar Layin Dogo a Wasan OpenTTD

Duk wanda ya daɗe yana buga OpenTTD, wasan kwamfuta na gina harkar sufuri, ya san lokacin da jiragensa suka yi yawa, kuɗi na shigowa, sai kwatsam layin dogo ya cika da jirage a tsaye, kowanne yana jiran na gabansa. Kusan kullum a mahaɗa matsalar take farawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan wasa suka fi yawan yi, daga na masu farawa zuwa na waɗanda layukansu suka kai huɗu ko fiye. Inda aka ce "gida", ana nufin murabba'i ɗaya na taswirar wasan.

1. Me ya sa jiragena ke tafiya lafiya a miƙaƙƙen layi, amma da sun iso mahaɗa sai cunkoso?

Saboda a miƙaƙƙen layi jirgi ba ya takara da kowa sai na gabansa. A mahaɗa kuwa jirage biyu ko uku na iya neman gida ɗaya a lokaci ɗaya, dole ɗaya ya tsaya. Tsayuwar ba ita ce illar ba. Illar ita ce inda ya tsaya: idan wutsiyarsa ta rage a kan hanyar wani jirgin da ba ruwansa da inda shi ya nufa, to tsaikon jirgi ɗaya ya zama na uku, na uku ya zama na goma.

Don haka kafin ka damu da kyan siffar mahaɗa, ka bi kowace hanya da ido ka tambayi kanka: idan jirgi ya tsaya a nan, wa zai tare? Yawancin amsoshin da ke gaba faɗaɗa wannan tambayar ce kawai.

2. Layi ɗaya ya isa, ko dole sai biyu?

Layi ɗaya da wuraren kaucewa yana ɗaukar jirgi biyu ko uku a reshe mai ƙarancin kaya. Amma duk layin da zai shiga mahaɗa mai aiki, ka yi shi biyu, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Ka zaɓi hannu ɗaya, dama ko hagu, ka tsaya a kansa a duk taswirar. Ranar da za ka haɗa yankin da ke bin dama da wanda ke bin hagu, sai ka gina gadar da ba ta da wani amfani illa sauya hannu.

3. Siginoni iri-iri ne. Wacce zan yi amfani da ita?

Siginar hanya, musamman mai fuska ɗaya. Tsohuwar siginar yanki tana kallon dukkan dogon da ke tsakaninta da siginoni na gaba a matsayin abu ɗaya: jirgi ɗaya ya shiga, kowa ya jira, ko da hanyoyinsu ba za su gitta ba. Siginar hanya, wadda ta shigo wasan a sigar 0.7 a shekarar 2009, tana barin jirgi ya kama wa kansa hanya tun daga inda yake har zuwa wuri na gaba da zai iya tsayawa lafiya. Idan hanyoyin jirage biyu ba su taɓa juna ba, sai su ratsa mahaɗar tare. Shi ya sa za ka gan ta ja a kullum, ba ta zama kore sai jirgi ya matso ya samu hanya.

Iri biyu ce. Ta farko jirgi na iya wuce ta ta baya; ita ta dace da bakin dandamalin tashar da jirage ke shiga su juyo. Ta biyu, mai fuska ɗaya, ba a wuce ta ta baya, kuma ita ce ta babban layi da mashigar mahaɗa. Siginonin share fage guda uku, masu duba launin siginonin da ke gabansu kafin su ba jirgi hanya, wato ta shiga, ta fita da ta haɗaka, yanzu aikinsu ya ragu sosai, amma akwai abu ɗaya da har yau su ne gwanayensa. Duba tambaya ta 12.

Ka kunna saitin da ke nuna hanyar da jirgi ya kama. Dogon zai yi duhu a inda aka kama shi, ka riƙa ganin tunanin jiragenka da idonka.

4. A ina zan sa sigina, a ina kuma ba zan sa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a nan. Sigina wuri ne da ka ba jirgi izinin tsayawa. Duk inda ka dasa ta, ka ɗauka wata rana jirgi mafi tsawo da kake da shi zai tsaya a gabanta, taragunsa su miƙe a baya. Idan wutsiyarsa ta faɗa kan magittar wani layi, siginar ba ta wurin ba ce.

Abin da wannan ke nufi a aikace: ka sa sigina kafin mahaɗa, a kowace mashiga. Kada ka sa a tsakiyar wurin da layuka ke gittawa. Bayan an fita kuma, kada ka yi gaggawar dasa wata. Ka ƙirga gidaje daidai da tsawon jirginka mafi tsawo daga ƙarshen magittar, sannan ka sa. Idan jiragenka gida 5 ne, siginar farko bayan mahaɗa ta kasance aƙalla gida 5 daga wurin. Tarago na asali rabin gida ne, saboda haka jirgi mai gida 7, wanda shi ne iyakar da wasan ke farawa da ita, yana da guda 14 har da kan jirgin.

Mutane da yawa na ganin wannan tazara kamar asara ce, sai su cike ta da siginoni don jirage su matso kusa. A ranar da layi ke tafiya sumul ba za a ga illar ba. Ranar da tasha ta cika ko wani jirgi ya lalace a gaba, a nan mahaɗar za ta sarƙe. A manyan mahaɗu masu gadoji, inda kowace hanya ke da nata dogon, ana iya sa siginoni a ciki, muddin kowane wurin jira ya ɗauki jirgi sukutum.

5. Shin laifi ne layuka su gitta juna a ƙasa ɗaya?

Ba laifi ba ne idan jiragen kaɗan ne. Reshen da ke zuwa mahaƙar kwal ɗaya, jirgi na fitowa jefi-jefi, ba ya buƙatar gada. Siginar hanya a kowace mashiga ta wadatar, ga araha ga sauƙin gyara. Alamar cewa lokacin canji ya yi ita ce ka ga jiragen babban layi suna tsayawa akai-akai domin wanda ke ƙetarewa.

Daga nan sai a ɗaga hanyar da ke gittawa ta bi ta sama ko ta ƙasa. Dabarar ba ta wasa ba ce kawai: a Ingila an buɗe irin wannan mahaɗa mai tsallake a Weaver tun 1881, saboda wannan dalilin dai.

6. Ina jin ana cewa "a raba kafin a haɗa". Me ake nufi?

A kowane babban layi da ya ratsa mahaɗa akwai wurin da wasu jirage ke fita da wurin da wasu ke shigowa. Mafita ta riga mashiga. Idan ka yi haka, layin ya rage nauyi kafin a ɗora masa sabo. Idan ka juya tsarin, akwai ɗan guntun dogo a tsakiya da zai ɗauki masu wucewa, da masu shigowa, da masu shirin fita, duka a lokaci guda. Wannan guntun shi ne maƙogwaron mahaɗar, kuma ba ya faɗaɗa.

Nan ne mahaɗa mai kunnuwa huɗu, wadda ake kwaikwayo daga manyan titunan mota, take cin amanar masu ita. Tana da kyan gani kuma gada kaɗan take ci, amma a kowane ɓangare mashiga ce ke zuwa kafin mafita, ga kunnuwan da kwana mai tsanani. Idan kunnuwa huɗun suka cika, kowane jirgi na jiran wanda ke jiransa. Shataletale ma haka yake, har ya fi muni. Ban ga dalilin gina ɗayansu a layin da ake sa ran zai girma ba.

7. Me ya sa jirgi ke rage gudu a kwana, kuma yaya zan hana?

Idan kana amfani da saitin hanzari na zahiri, wasan yana duba yawan lanƙwasar da ke jikin jirgi a lokaci guda da kusancinsu. A dogo na yau da kullum, kwana mai digiri 90 tana mayar da jirgi kilomita 61 a awa. Lanƙwasa biyu masu digiri 45 a manne da juna suna ba da 88. Tazarar tarago biyu tsakaninsu 111, haka abin ke hawa har ya kai 231. Dogo mai ƙarfe ɗaya yana samun ƙarin rabi a kan waɗannan, na maganaɗisu kuma ninki biyu.

Lanƙwasa ɗaya tilo ba ta rage gudu. Haka ma idan jirgi ya karkata hagu sau ɗaya ya dawo dama sau ɗaya. Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce tazarar da ke tsakanin lanƙwasa biyu masu bin hannu ɗaya ta kai tsawon jirgin, yadda kafin kansa ya shiga ta biyu wutsiyarsa ta bar ta farko. Ka lura cewa guntun dogo na karkace rabin miƙaƙƙe ne: jirgi mai gida 5 yana buƙatar guntaye 10. Ka kuma kunna saitin da ke haramta kwana mai digiri 90 gaba ɗaya, ka huta.

Jirgin da gudunsa bai wuce 110 ba, ba ya buƙatar doguwar kwana. Amma jirage na ƙara sauri da shekaru, mahaɗar da ta isa a 1950 za ta zama cikas a 1990. Ka bar fili tun yanzu.

8. Gada ko ramin ƙarƙashin ƙasa?

Kowace gada tana da iyakar gudu. Ta katako kilomita 32 ce kawai a awa, kuma sau da yawa ita ce ɓoyayyen dalilin cunkoso a tsohuwar mahaɗa. Rami ba shi da iyaka. Sannan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa gada hawa take fara sa jirgi, rami kuwa gangara, sai jirgin ya yi amfani da ƙarfin gangarar ya haye ɗaya ɓangaren. Ga jiragen kaya masu nauyi rami ya fi. Amfanin gada shi ne ana ganin abin da ke faruwa, ana iya sabunta ta ba tare da rushewa ba, kuma ba ta buƙatar tono mai yawa.

Ko wanne ka zaɓa, layin da ya fi aiki shi ne zai zauna a miƙe a ƙasa ɗaya. Reshe ne zai hau ko ya sauka. Kuma kada ka sa sigina a gindin hawa, domin jirgi mai nauyi da ya tashi daga tsaye a kan tudu yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya kauce.

9. Me ya sa nake ganin gadoji biyu a jere a kan layi ɗaya?

A OpenTTD na asali ba a sa sigina a kan gada ko a cikin rami. Idan siginonin layinka suna kowane gida 4, sai ga gada mai gida 9, to a wurin tazarar ta ninka, kuma layin gaba ɗaya ba zai ɗauki jirage fiye da abin da gadar ke iya wucewa da shi ba. Maganin shi ne a raba layin kashi biyu kafin gadar, a gina gadoji biyu, a sake haɗewa a gaba. Jirgi na farko ya bi wannan, na biyu ya bi waccan.

Sharaɗin shi ne hanyoyin biyu su yi tsawo ɗaya. Idan ɗaya ta fi gajarta, jirgin baya zai cimma na gaba a wurin haɗuwa, ɗaya ya ja birki, amfanin ya tafi. Masu buga sigar JGR, wato OpenTTD da aka yi wa ƙarin gyare-gyare, suna iya sa sigina a gada da rami, don haka wannan bai dame su ba sosai.

10. Mahaɗa mai hannu uku ko mai huɗu?

Mai hannu uku hanyoyi 6 take haɗawa, mai huɗu 12. Ƙarin hannu ɗaya ya ninka aikin. Sau da yawa mahaɗu biyu masu hannu uku, da tazara mai kyau a tsakaninsu, sun fi sauƙin gini da faɗaɗawa, sai dai guntun da ke tsakaninsu zai ɗauki nauyin layuka biyu, wataƙila ya buƙaci ƙarin dogo. Kuma ba dole ne ka haɗa kowace hanya ba. Idan babu jirgin da ke tashi daga arewa ya nufi gabas, kada ka gina wannan kwanar yau; ka bar mata wuri.

11. Layina biyu sun cika. Yaya zan tsara huɗu?

Tsari biyu ne sananne. Na farko: biyu masu zuwa a gefe ɗaya, biyu masu dawowa a ɗaya gefen. Na biyu: layi mai zuwa da dawowa har guda biyu kusa da juna, kowanne da harkarsa, misali ɗaya na fasinja ɗaya na kaya. Na biyun ya fi sauƙi idan jiragen ba sa cuɗanya, domin kowane biyu na iya samun ƙaramar mahaɗarsu. Na farkon ya fi ƙarfi idan duk jiragen iri ɗaya ne kuma wuri ɗaya suka nufa.

A tsari na farko, wahalar tana layin ciki. Jirgin da ke ciki yana son fita, na waje ya tare shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa 'yar magitta kafin mahaɗa don jirgi ya koma layin waje. Kowane jirgi da ya yi haka ya tsayar da layuka biyu, ka koma kamar mai layi ɗaya. Abin da ya dace shi ne kowane layi ya samu mafitarsa: na ciki ya rabu, ya nutse ta ƙarƙashin na waje, ya fito. Wannan na buƙatar fili, shi ya sa gogaggun 'yan wasa ke barin gidaje da dama babu komai tsakanin masu zuwa da masu dawowa, da kuma gida ɗaya ko biyu tsakanin layukan gefe ɗaya. A wajen shigowa kuma, jirgin reshe ya samu zaɓin shiga kowanne daga cikin biyun, kowane zaɓi da wurin jiransa mai tsawon jirgi, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 4.

Kafin ka kashe wannan kuɗin, ka tabbata layin ne ya cika. Jirgi mai tafiyar hawainiya guda ɗaya a cikin masu sauri yana sa layi ya yi kama da cikakke alhali rabinsa fanko ne.

12. Jiragen reshe suna tsayar da na babban layi. Yaya zan ba babban layi fifiko?

Siginar hanya ba ta san babba da ƙarami ba, wanda ya riga neman hanya shi ke samu. Jirgin da ke gudu sosai idan ya tsaya, duk na bayansa sun tsaya, don haka gara na reshe ya jira gibi. A nan ake komawa ga siginonin share fage. Ka sa siginar shiga a bakin reshe. A babban layi, siginar ƙarshe kafin wurin haɗuwa ka mayar da ita mai fuska biyu ta haɗaka, ka yi haka ga wasu na bayanta, mafi nisa daga wurin haɗuwar ta zama ta fita. Siginar da jirgi zai tarar bayan ya wuce wurin haɗuwa kuma ta zama ta yanki zalla. Fuskokin da ke kallon baya suna zama ja idan akwai jirgi a wannan tsakanin, siginar shiga ta karanta su ta riƙe jirgin reshe har babban layi ya sarara.

Tsawon fifikon ya danganta da lokacin da jirgin reshe ke buƙata ya tashi daga tsaye ya kai gudun layi. Idan ya yi gajere ba ya aiki. Idan ya yi tsawo, reshen ba zai taɓa samun shiga ba. Kada ka cakuɗa siginar hanya a cikin wannan yankin.

13. Na gina layi biyu amma duk jiragen ɗaya suke bi. Me ya faru?

Manhajar neman hanya ta wasan, YAPF, tana lissafa tsadar kowace hanya ta zaɓi mafi araha. Tsawo na ƙara tsada, haka kwana, hawa, ratsa dandamalin tasha, jar sigina, da wuce siginar hanya ta baya. Idan layi ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsada da yawa, jirgi zai gwammace ya jira a cunkoso. Ka daidaita tsawonsu da yawan kwanarsu. Idan kana son raba su da gangan, ka sa alamar hanya, wato wurin da ake umartar jirgi ya bi ta kansa, a kowane layi, ka saka ta cikin umarnin jiragen.

14. Zan iya manna tasha da mahaɗa?

Gara kada ka yi. Jirgi na rage gudu idan zai shiga tasha, kuma idan dandamali suka cika sai jerin masu jira ya miƙe baya. Ka bar wurin da zai ɗauki jirgi biyu ko fiye tsakanin mahaɗa da bakin tasha. Tasha mai aiki sosai ta zama mai shiga ta gefe ɗaya a fita ta ɗaya, don masu shiga da masu fita kada su gitta. Garejin jirage ma haka: ka ajiye shi a ɗan reshe nesa da mahaɗa, domin shiga da fitarsa a hankali ake yi.

15. Mahaɗata ta sarƙe gaba ɗaya, babu mai motsi. Yaya zan warware?

Ka nemo jirgin da ya tsaya da wutsiyarsa a kan magitta, galibi shi ne tushen. Ka tsayar da masu shigowa daga nesa don kada a ƙara cika wurin, ka gina gareji na wucin gadi kusa da ɗaya daga cikin waɗanda suka maƙale, ka tura shi ciki. Gurbi ɗaya kan isa sauran su fara zamewa. Maɓallin da ke tilasta wa jirgi wuce jar sigina yana jawo karo, kada ka taɓa shi sai ka ga gaban fanko ne da idonka. Bayan an warware, ka gyara siginar da ta ba shi damar tsayawa a wurin, in ba haka ba gobe ma za a maimaita.

16. Jirgi na cewa ya ɓata, ko yana ɗaukar doguwar hanya. Ina zan duba?

Abu uku: guntun dogo da aka manta ba a haɗa ba, sigina mai fuska ɗaya da ke kallon baya, ko gida ɗaya da ba a sa masa wayar lantarki ba alhali jirgin na lantarki ne. Na ukun ya fi wuyar gani, musamman a kan gada da cikin rami. Ka ja kayan sauya dogo a kan mahaɗar gaba ɗaya.

17. Yaya zan sake gina mahaɗa alhali jirage na bi?

Ka adana wasan tukuna. Ka gina sabuwar hanya a gefe har ta kammala da siginoninta, sannan ka haɗa ta, sannan ka cire tsohuwar, hanya ɗaya bayan ɗaya. Cire sigina ko haɗa dogo biyu yayin da jirage ke kai na iya jefa biyu cikin yanki ɗaya su yi karo, don haka ka jira gibi ko ka tsayar da na baya. Gwajin gaskiya shi ne ka tsayar da jirgi ɗaya da gangan a wata mafita, ka bar jerin ya taru. Idan masu bin sauran hanyoyin suka ci gaba da wucewa, mahaɗar ta yi. Idan suka tsaya, ka koma tambaya ta 4 da ta 6.

18. Wannan duka zai yi aiki a wasu wasannin?

Alƙaluman gudu da na gada na OpenTTD ne kaɗai. A Factorio siginar sarƙa ce ake sawa a mashiga da cikin mahaɗa, sigina ta yau da kullum a mafita, tare da barin tsawon jirgi a bayanta. A Transport Fever siginoni na aiki ne da kama hanya, kuma da yake dogon ba ya bin gidaje, faɗin kwana da tsananin hawa su za ka sa wa ido. Simutrans ma yana da nasa nau'o'in sigina. Raba kafin haɗawa, ɗaga layin da ke gittawa, da auna wurin jira da jirgi mafi tsawo suna aiki a dukkansu.